Nisan Kano zuwa Jidda a jirgin sama, da dalilin da ya sa awannin ba sa zuwa ɗaya

"Assalamu alaikum. Don Allah Malam ina da tambaya, ni dai abin ya ɗaure min kai. Na duba a waya an ce daga Kano zuwa Jidda kilomita dubu uku ne da ɗari huɗu. Shekarun baya da Hajiyarmu ta je Umra ta ce awa huɗu da ɗan wani abu suka yi a sama, amma wani maƙwabcinmu da ya je aikin Hajji a 2023 ya ce su sun haura awa shida. Yanzu kuma zan sake biya mata, da na kalli tikitin sai na ga zuwa awa shida da rabi, dawowa kuma bai kai awa uku ba. To wai nisan canzawa yake yi ne, ko kuwa jirgin ne wani ya fi wani gudu? Kuma wanne ya kamata in saya mata tunda ta manyanta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya saka da alheri da wannan hidima da kake wa Hajiya, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Tambayarka idan na fahimce ta da kyau kashi uku ce a dunƙule: nawa ne ainihin nisan, me ya sa mutum biyu suka tashi daga gari ɗaya zuwa gari ɗaya amma kowa ya zo da nasa lissafin awanni, sannan me ya sa tikiti ɗaya yake nuna zuwa ya ninka dawowa. Ni aikina shi ne tsara wa jirgi hanya kafin ya tashi, wato mu ne muke zama a ofis mu fitar da hanyar da zai bi da yawan man da zai sha da tsayin da zai hau, mu miƙa wa kyaftin ya duba ya sa hannu, kuma na daɗe ina yin wannan a lokutan jigilar alhazai, don haka hanyar nan ta gabas na san ta sosai.

Abin da waya ta gaya maka gaskiya ne. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne, da ɗan ɗoriya kaɗan. Wannan adadin ba ya canzawa, haka yake tun kafin a ƙera jirgi. Sai dai wannan nisan na miƙe ne, wato da ace ba ƙasa ko ɗaya a tsakani, ba yaƙi, ba hadari, ba iska, ba wanda za ka nemi izininsa. Jirgi kuwa kusan bai taɓa bin wannan layin daidai wa daida ba, kuma a nan duk bambancin da kake ji yake fitowa.

Kafin in shiga wannan, akwai wani ruɗani da nake yawan gani. Wani zai duba a wani shafi ya ga an rubuta 2,130, wani ya ga 1,850, wani ya ga 3,420, sai a fara musu kowa yana cewa nasa ne daidai, alhali duk abu ɗaya ne ma'auni ne kawai ya bambanta. Na farkon mil ne irin na Ingila da Amurka, mil ɗaya kilomita 1.609. Na biyun mil ɗin teku ne, shi muke amfani da shi a harkar jirgin sama da ta jirgin ruwa, ɗaya kilomita 1.852 ne. Na ukun kuma kilomita ce da muka saba. Saboda haka idan ka ga lamba ka fara duba da wane ma'auni aka auna.

Yadda ake auna nisan

Duniya a dunƙule take, kewayenta ta tsakiya kusan kilomita 40,075. Taswirar da muke gani a bango ko a waya an baje ta ne, kuma duk abin da yake dunƙulalle idan ka baje shi dole wani wuri ya miƙe fiye da ƙima. Ka ɗauki lemo ka sa ɗigo biyu a jikinsa da biro, ka ja zare daga wannan ɗigon zuwa wancan ka ɗaure shi tamau, inda zaren nan ya kwanta nan ce hanya mafi kusa. Da haka ake auna nisan garuruwa a sama. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da rabi gabas. Jidda tana wajen digiri 21 da rabi arewa, digiri 39 gabas. Idan aka yi lissafin sai a samu tsakaninsu kusan digiri 31 ne a bayan ƙasa, kowane digiri kuwa kusan kilomita 111 ne, ka ninka ka gani, zai kawo ka wajen 3,400 ɗin nan.

Wannan layin idan ka bi shi daga Kano zai ratsa da kai ta Jigawa da arewacin Yobe, ya shiga Nijar ta yankin Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta tsakiyar ƙasar Chadi, ya faɗa Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake kogin Nilu a wajen Dongola, sannan ya fito Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan, daga nan ka tsallake ruwa sai Jidda. Wani abin da yake burge ni har yau, alƙiblar Kano kusan digiri 68 ce daga arewa, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa, kuma jirgin da ya miƙe zuwa Jidda kusan nan yake sa hancinsa. Mai zaune a kujera yana kallon gaba kusan alƙibla yake kallo.

Kuma ka lura kowane gari da nasa. Daga Maiduguri kusan kilomita 3,000 ne, Sakkwato da Abuja kowanne wajen 3,700, Yamai wajen 4,000, Legas wajen 4,200. Idan kuma Madina za a sauka ba Jidda ba, daga Kano wajen 3,550 ne. To kaga idan alhajin Borno da alhajin Legas suna gardamar awa nawa ake yi zuwa Saudiyya, kowa gaskiyarsa yake faɗa, akwai fiye da awa guda tsakaninsu tun kafin a zo maganar komai.

Maganar tikitin, wannan agogo ne kawai

Bari in fara cire maka wannan don shi ya fi sauƙi. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Kano, a Jidda ƙarfe 2 ne. Su kuma kamfanonin jirgi a tikiti kullum agogon garin da ake magana suke rubutawa, lokacin tashi da agogon inda za a tashi, lokacin sauka da agogon inda za a sauka. Saboda haka idan jirgi ya bar Kano ƙarfe 12 ya yi awa huɗu da rabi, agogon hannun Hajiya zai nuna 4:30, amma na bangon filin jirgin Jidda zai nuna 6:30, shi ne kai kuma ka gani ka ce awa shida da rabi. A dawowa abin sai ya juya, a tashi ƙarfe 12 agogon Jidda a yi awa huɗu da minti arba'in da biyar, a sauka Kano 2:45. Ba jirgin da yake zuwa Kano daga Jidda a ƙasa da awa uku, babu shi. A zuwa ka cire awa biyu daga abin da ka gani, a dawowa ka ƙara awa biyu, shikenan ka samu gaskiyar zaman da za ta yi a kujera.

Kuma awa biyun nan ba wai hukuma ce kawai ta ga dama ta sa ba, rana ma haka take. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda kuwa akwai digiri 30 da ɗan kai ta fuskar gabas, kaga awa biyu kenan cif. Shi ya sa mai tafiya gabas yake ganin yini ya gajarce masa, yanzu aka yi azahar kafin ka ankara magariba ta kawo kai, mai dawowa kuma yini ya ƙi ƙarewa. Masu Umrar azumi sun fi kowa sanin wannan.

Gudun jirgi da iska

Ka tambaya ko wani jirgin ya fi wani gudu. Eh akwai bambanci amma ba shi da yawa. Manyan jiragen fasinja idan sun daidaita a sama, tsayin ƙafa 35,000 zuwa 39,000, suna yin tsakanin kilomita 830 zuwa 900 ne a awa. Boeing 747 da 777 sun ɗan fi irin su 737 da A320 sauri, amma a tafiyar kilomita 3,400 bambancin ba zai wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin ba. Idan ka raba 3,400 da 850 za ka samu awa huɗu. Sai ka ƙara lokacin hawa sama da lokacin saukowa, don a nan jirgi ba ya cikakken gudu, ga jan jiki daga inda aka ɗebi fasinja zuwa titin tashi, ga jiran layi, ga kewayen da ake sa jirgi ya yi kafin a ba shi izinin sauka musamman a Jidda lokacin Hajji da jirage suke zuwa daga ko'ina a duniya. Da haka ake kaiwa awa huɗu da rabi zuwa biyar. Abin da Hajiya ta faɗa maka kenan, kuma daidai ta faɗa.

Abin da ya fi nau'in jirgi tasiri shi ne iska. A can sama akwai iska mai ƙarfin gaske da mu a ƙasa ba ma jin ta, jirgi kuma a cikinta yake tafiya, idan tana bayansa ta ƙara masa gudu a kan ƙasa, idan tana gabansa ta rage. Lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, iskar sama a arewacin Afirka daga yamma take busowa zuwa gabas, kuma tana ƙara ƙarfi idan ka matsa wajen Masar da arewacin Bahar Maliya, to a lokacin zuwa ya fi sauri dawowa ta fi nauyi. Da damina kuma, wajen Yuni zuwa Satumba, akwai wata iskar da take tasowa daga gabas ta bi ta saman yankinmu na Sahel, sai lissafin ya juya, mai dawowa gida ya samu mai tura shi. Tunda Hajji yana zagayawa ne da watan Musulunci, kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, wanda ya yi Hajji da sanyi da wanda ya yi da damina ba iska ɗaya suka tarar ba. Ni a ofis abin da nake fara buɗewa kenan kafin komai, taswirar iska ta tsayi daban-daban, don wani lokacin saukar da jirgi ƙafa dubu biyu ko ɗaga shi yana rage mai fiye da yadda mutum zai zata.

Sama ma tana da masu ita

Ga inda maganar maƙwabcinku take. Mutane da yawa suna ɗauka sama fili ce kowa ya bi inda ya ga dama. A'a. Kowace ƙasa ita ke da ikon samanta, kuma an yanka sama yanki-yanki kowanne da masu kula da shi. Samaniyar Najeriya gabaɗaya a harkar jirage da sunan Kano ake kiran ta, hukumar kula da sararin samaniya ta ƙasa, wato NAMA, ke kula da ita. Ta Nijar da Chadi hukumar ASECNA ce, wadda ƙasashen Afirka da dama suka haɗu suka kafa don kula da samaniyarsu. Ta Sudan kuma kafin yaƙin 2023 daga Khartoum ake kula da ita. Kafin jirgi ya ratsa ƙasa sai an nemi izini, kuma sai an biya kuɗin ratsawa gwargwadon nauyin jirgin da nisan da ya yi a cikinta. Sannan a cikin saman akwai hanyoyi da aka shata daga wannan alama zuwa waccan, kowacce da sunanta, jirgi a kansu yake tafiya, mai zuwa gabas da nasa tsayin mai zuwa yamma da nasa don kada a haɗu. Ko a lokacin zaman lafiya wannan kaɗai yana ƙara ɗan nisa a kan na miƙe.

To ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, filin jirgin Khartoum ma yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har jiragen da ke ajiye aka lalata. Nan take aka rufe samaniyar ƙasar. Ka koma ka kalli layin da na zana maka a sama, wajen kashi biyu cikin biyar na tafiyar Kano zuwa Jidda a saman Sudan ake yin ta. Kuma abin ya zo ana saura makonni kaɗan a fara jigilar alhazan wannan shekarar. Ƙarin matsalar ma, saman Sudan ta Kudu daga wani tsayi zuwa sama daga Khartoum ake kula da shi a lokacin, saboda haka rufewar ta taɓa har can, sai da aka fitar da hanyoyin wucin gadi.

Zaɓi biyu ya rage, ko ka kewaya ta kudu ko ta arewa. Ta kudu sai ka gangara ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ka bi ta wajen Sudan ta Kudu ko ma ka ƙara gangarawa Yuganda da Kenya, ka hau ta Habasha, sannan ka fito Bahar Maliya ka haura zuwa Jidda. Ta arewa kuma ka bi ta Nijar ko Chadi ka nufi Masar, amma a nan ga Libiya a tsakani wadda ita ma kamfanoni da yawa sun daɗe suna kauce wa samanta, wasu ma kamfanin inshorarsu ba zai yarda ba. Ko wacce ka ɗauka ka ƙara ɗaruruwan kilomita, ta kudun ma tana iya haura dubu, shi ya sa tafiyar awa huɗu da rabi ta koma shida har zuwa bakwai. Maƙwabcinku bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. A shekarar ne ma kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda wannan kewayen. Ba a gama da wannan ba kuma sai ga juyin mulkin Nijar a ƙarshen Yuli, a watan Agusta su ma suka rufe tasu samaniyar na wasu makonni, jiragen da ke zuwa Turai daga Najeriya su ma suka shiga kewaye.

Na san mutane suna jin haushin ƙarin kuɗi, kuma ina fahimta, wanda ya shekara yana tara kuɗin kujera kowace dala ciwo ce a wurinsa. Amma bari in nuna maka yadda abin yake daga teburinmu. Jirgi irin A330 yana shan wajen tan biyar da rabi zuwa shida na mai a kowace awa, 747 kuwa wajen tan goma. Ƙarin awa biyu a zuwa da biyu a dawowa ka lissafa da kanka. Kuma ba man tafiya kaɗai ake zubawa ba, doka ta ce sai an ƙara na ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgin wani filin idan Jidda ta ƙi saukuwa, misali Madina ko Ɗa'if, da kuma na minti talatin da ba a taɓa shi sai an shiga halin gaggawa. Man nan shi kansa nauyi ne, ɗaukar sa ma mai yake ci. Ga zafin Kano a watan Afrilu da Mayu, idan iska ta yi zafi inji ba ya ba da ƙarfi kamar da sanyin asuba, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi sai ya ragu. Sau da yawa ina zaune da takarda, ga nauyin fasinja ga na kaya ga na mai, jimilla ta haura abin da aka yarda, mai kuwa ba a rage shi, to kaya ne za su jira jirgi na gaba. Idan ka taɓa jin alhaji ya sauka jakarsa ba ta zo ba, wani lokacin daga nan ne. Shi ya sa kuma ake son tashin dare ko na asuba. Sannan matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi suna da iyakar awannin aiki da doka ta gindaya, tafiyar da a da ayari ɗaya zai je ya juyo, idan ta tsawaita sai an nemo wasu ko a jira su huta.

Duk lokacin da na kalli taswirar nan ina tuna cewa hanyar Sudan ɗin nan ita ce hanyar kakanninmu. Da ƙafa da jaki da raƙumi suke bi ta Borno, su shiga Chadi, su bi ta El Fasher da El Obeid har su kai gaɓar teku a Suwakin su hau jirgin ruwa, ana shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a samu guzuri a ƙara gaba, da yawa ma a can suka zauna, su ne asalin Hausawa da Fulanin da ke Sudan har yau irin na garin Mai Wurno. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano ma a Nuwamba 1925 ta wannan hanyar suka zo, jiragen sojan Ingila ne guda uku daga Masar ta Khartoum. Yau ga shi ƙasar da ta saukar da baƙin Allah shekara da shekaru ko ta samanta ba a iya wucewa cikin kwanciyar hankali, abin yana taɓa ni ƙwarai. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Wanne za ka saya wa Hajiya

A nan shawarata a fili take, idan akwai jirgin da zai tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda ko Madina a ranakun da kuke so, shi za ka saya ko da ya ɗan fi tsada. Ga dalili. Idan ta Addis Ababa za a bi, Kano zuwa Addis wajen kilomita 3,300 ne, wato kusan daidai da zuwa Jiddan kanta, sannan a ƙara wajen 1,400 daga Addis zuwa Jidda, jimilla wajen 4,700. Ta Alƙahira kuma wajen 3,100 ne da 1,200, jimilla wajen 4,300. Ta Doha ya haura 6,000, don sai an wuce Saudiyyar gabaɗaya sannan a dawo baya. Kuma waɗannan duk na miƙe ne, ban sa kewayen Sudan ba. Amma ba kilomitocin ne suke gajiyar da tsoho ba, zaman jiran canjin jirgi ne. Awa uku, awa shida, wani lokacin a kwana a kan kujerar ƙarfe, ga doguwar tafiya a ƙafa daga wannan ƙofa zuwa waccan, ga sake bincike, ga sanarwa da harshen da ba ta ji. Na ga dattawa da yawa da suka isa Makka a gajiye liƙis tun kafin su fara ɗawafi, saboda an yi musu arahar tikiti.

Idan kuma ba yadda za a yi sai da tsayawa, ka duba abu biyu. Na farko tikitin ya zama guda ɗaya tun daga Kano har Jidda, don kayanta su wuce kai tsaye kuma idan jirgin farko ya makara kamfanin ne zai nema mata wani. Na biyu tazarar jiran kada ta gaza awa biyu kada kuma ta yi tsawon da zai wahalar da ita. Ka gaya wa wanda zai yanka tikitin ya rubuta mata buƙatar keken guragu tun wuri, ba sai mutum ba ya iya tafiya ake nema ba, kuma ba a biyan kuɗi, ma'aikaci ne zai tura ta har ƙofar jirgi. Ka nema mata kujerar gefen hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, zaman awa biyar ko shida wuri ɗaya ba ya yi wa ƙafar tsoho daɗi, ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi don iskar cikin jirgi a bushe take. Magungunanta su kasance a jakar hannu ba a babbar jaka ba. Idan tana da hawan jini ko ciwon suga ko ta taɓa samun kumburin ƙafa, likitanta ya gan ta kafin tafiya ya tsara mata lokutan shan magani da wancan bambancin awa biyun, wannan fanninsa ne ba nawa ba.

Kada kuma ka manta sauka a Jidda ba isa Makka ba ne, Makka ba ta da filin jirgi. Daga filin jirgin Jidda zuwa Harami akwai wajen kilomita 100 a mota, bayan an gama layin biza da ɗaukar kaya. Idan Madina aka sauka, tsakaninta da Makka wajen kilomita 450 ne, akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da aka buɗe a 2018 yana yin ta a awa biyu da ɗan wani abu, mota kuwa sai an yi huɗu zuwa biyar ko fiye. Ga dattijuwa ni na fi son a fara sauka Madina, ta huta ta yi ziyara, sannan ta ɗauki harami a Zul Hulaifa a natse. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye shi ne yake da maganar ɗaukar harami a cikin jirgi ko tun daga gida, yawancin jirage suna sanarwa idan an kusa daidai miƙati, amma hukuncin inda ya kamata ta ɗauka, da yadda za ta yi sallah a sama, da lokacin buɗa baki idan da azumi ne tunda a sama ana ganin rana bayan ta faɗi a ƙasa, wannan ku tambayi malaminku kafin ranar tafiya, ni iyakata hanya da mai.

Sai abu na ƙarshe, hanyar da jirginta zai bi a ranar ba a yanke ta sai saura 'yan awanni a tashi, bayan an ga iska da hadari da sanarwar ƙasashen da ke kan hanya, saboda haka awannin da ke jikin tikiti ƙiyasi ne na kamfani. Idan da hunturu ne ma ka sa ran ƙurar Kano tana iya riƙe jirgi a ƙasa ko ta hana wanda zai ɗauke su sauka. Idan kana so ka san abin da ake ciki a kwanakin, ka ɗauki lambar jirgin da ke jikin tikitin ka sa a Flightradar24, wato manhajar bibiyar jirage a waya, zai nuna maka hanyar da ya bi a tashinsa na baya-bayan nan da awannin da ya yi, daga nan za ka gane ko miƙewa yake yi ko kewaye. Ranar tafiyar ma da shi za ka riƙa bin ta a waya har su sauka, sai ka san lokacin da za ka kira wanda zai tarbe ta.